Wari Ɗaya a Hannuna

Ni mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Tun ina ƙarami haka nake. Mahaifina ne ke riƙe da mabuɗin wani ƙaramin masallaci a Zangon Kumasi, kuma aikina na farko a duniya shi ne jera takalma a ƙofarsa. Mutane su zo salla a gurguje, kowa ya watsar da silifas ɗinsa inda ya faɗi, ni kuwa in bi su ɗaya bayan ɗaya, in haɗa kowane wari da ɗan'uwansa, in juya su yadda mai su zai fito ya zura ƙafa kawai. Tsofaffi suna ta sa mini albarka. Mahaifiyata takan ce da hannuna zai kai sama, da taurari ma na jera su sahu-sahu. Wannan halin da aka shekara ashirin da wani abu ana yabona a kansa, shi ne ya kusa sa a tasa ƙeyata daga Dubai da sunan ɓarawo.

Kawuna ne ya kawo ni, lokacin jirgin ƙasa na metro bai daɗe da fara aiki ba. Shi ɗaurin kaya yake yi a kasuwar Murshid Bazaar, yana cusa wa 'yan kasuwar ƙasashenmu takalma da jakunkuna a kwali. Ya ce ni na yi makaranta, ba zai bari in ƙare a jan igiya ba. Ya yi ta bin mutane har aka samo mini aiki a wani ƙaton gidan shaguna, ya tsaya mini da bakinsa cewa ni yaron kirki ne. Da ya ce mini a cikin ginin an yi tudu na dusar ƙanƙara, mutane suna hawa suna sulalowa, sai na yi dariya, na ɗauka tsokanata yake yi. Ashe gaskiya ne.

Kullum da safe in fito daga ɗakinmu na unguwar Al Sabkha, inda mu takwas muke kwana a gado mai hawa biyu, in shiga bas, in shiga metro, rigata ta jiƙe sharkaf da gumi tun kafin in isa tasha. Bayan awa ɗaya kuma ga ni cikin rigar sanyi mai kauri da safar hannu, haƙorana suna haɗuwa. Watan farko mura ba ta sake ni ba.

Abin da ake sulalowa da shi alluna ne guda biyu, sirara, tsawonsu ya kusa na mutum, ana maƙala kowanne a ƙasan wani takalmi mai tauri. Yawancin masu zuwa na haya suke karɓa, masu lambar kamfani a jiki. Amma akwai 'yan gari, galibi Turawa da suka taso a kan ƙanƙara, waɗanda ke zuwa da nasu a doguwar jaka. A tsakiyar tudun akwai gidan shayi na katako. Nan mutane ke cire allunansu, su jingina su a wasu ƙarafuna da aka kafa kamar shinge, su shiga su sha abu mai zafi. Bayan na yi wata biyu ina ɗaura wa mutane takalmi a ƙasa, sai aka mayar da ni nan. Aikina in tabbatar hanya a buɗe take, in ɗaga wanda ya faɗi, in kwashe allunan da aka yasar a ƙasa kafin wani ya yi karo da su.

Shugabarmu wata 'yar Filifin ce, gajeriya, mai magana kamar ana suyar gyaɗa. Ranar farko ta karanta mana dokoki sun fi talatin. Ɗaya daga ciki ita ce: allon haya ka taɓa yadda kake so, amma allon da mutum ya zo da shi daga gida, kada hannunka ya kai kansa. Na ji, na gyaɗa kai. Wata shida na gwaji aka ba ni, in na wuce lafiya a tabbatar da ni, bizata ta zauna.

Da ido na koyi ladabin wurin. Wanda ya san wasan ba ya jefar da allonsa a hanya. Zai haɗa biyun ciki da ciki, ya tsayar da su, ya rataya sandunan da yake dogarawa da su a kai. Ba ya jingina nasa a kan na wani, ba ya ɗaga na wani don ya sami wuri, ko da zai zagaya har ƙarshen shingen. Wasu suna da 'yar siririyar waya mai kwaɗo, irin ta keke, su ɗaure da ƙarfen. Sababbin shiga kuwa, musamman masu yawon buɗe ido, watsarwa suke yi kamar silifas a ƙofar masallacin babana. Su ne suka fi ba ni aiki, kuma ba zan ɓoye ba, su ne suka fi ba ni daɗi. Nakan jera shingen nan tsaf, in ja da baya in kalle shi ina jin kaina.

Cikin 'yan garin akwai wasu tsofaffi biyu, mata da miji, da ke zuwa duk ranar Talata da hantsi. Mijin dogo ne mai farin gemu, ba ya yawan magana, na ji an ce koyarwa yake yi a wata jami'a. Matar kullum da jar hula saƙar hannu. Ita ce Baturiya ta farko da ta taɓa tsayawa ta tambaye ni daga ina na zo, ta kuma jira amsar. Ta ce a ƙauyensu ƙanƙara tana kai wa taga. Na ce a garinmu sai a cikin firiji. Daga nan muka saba, ina ce mata Mama, yadda muke ce wa duk babbar mace a gida. Sai aka daina ganinsu na ɗan lokaci, aka ce an yi mata aiki a gwiwa. Ranar da ta dawo, saura mako biyu gwajina ya ƙare, ta zo da sababbin alluna jajaye wur suna ƙyalli. Na mijin baƙaƙe ne.

Ina can gefe ina ɗaga wani mutum da ya faɗi ya kasa tashi lokacin da suka cire allunansu suka shiga shan shayi. Da na dawo sai idona ya faɗa kan abin da ba zai iya haƙuri da shi ba. A shingen da ke bakin ƙofa ga allo ja ɗaya da baƙi ɗaya an haɗa su. Can nesa, a ɗaya shingen, ga wani jan da wani baƙin. Na ce a raina, Allah sarki, tsufa ke nan, sun rikice. Tausayinsu ya kama ni. Dokar nan ta faɗo mini a rai, ba zan yi ƙarya in ce na manta ba, amma sai na ce ai dokar don masu ɓarna aka yi ta, ni kuwa gyara zan yi. Na ɗauko, na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, har na goge ƙanƙarar da ke jikinsu da hannun rigata. Jajayen na kai su bayan wani ginshiƙi, daidai inda ake fara gangarowa, don kada Mama ta yi doguwar tafiya da gwiwar da aka yi wa aiki.

Ba a jima ba wata tawaga ta masu yawon buɗe ido ta hauro, sun fi mutum arba'in, kowa cikin rigar haya iri ɗaya da hular kwano da tabarau. Na shiga hidimarsu. Da tsofaffin suka fito, na tare su da fara'a, na nuna wa mijin baƙaƙensa, na ja Mama zuwa bayan ginshiƙin ina jiran godiya. Babu komai a wurin sai sawun da gindin allunan ya bari a ƙanƙara.

Aka duba sama, aka duba ƙasa, aka tsayar da masu fita, babu. Kafin azahar ina zaune a ofishin tsaro, gumi yana keto mini a cikin rigar sanyi. Shugaban masu tsaro, wani Balarabe mai ƙaton agogo, yana tsaye. Shugabarmu tana gefe ta haɗe rai. Tsofaffin suna kan kujera. A bango ga talabijin na kyamarori, kuma ga ni a ciki ɓaro-ɓaro: na duba hagu, na duba dama, na ɗauki allon mutane na kai shi bayan ginshiƙi, wuri ɗaya tak da kyamara ba ta gani. Hanya nake dubawa kada in yi karo da mai sulalowa, amma ni kaina da na ga hoton na ce wannan ɓarawo ne. Bayan haka sai rigunan haya iri ɗaya suna shiga suna fita, ba mai iya cewa ga wanda ya ɗauka.

Balaraben ya ce in faɗi wanda muka haɗa baki da shi. Na ce babu. Ya sake tambaya, na sake cewa babu, Turancina duk ya gudu ya bar ni. Ya ce, “Khalas, shi ke nan, 'yan sanda za su tambaye ka.” Ya ajiye takardar ƙara a gaban tsofaffin, saura su sa hannu. Na san abin da ke biye da wannan takarda: ɗaki mai ƙarfe, sannan jirgi, sannan ba ni ba ƙasar har abada. Amma ba jirgin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Kawuna na tuna, da ya ce wa mutane ni yaron kirki ne, da mahaifina da zai fito sallar asuba ya ji ana cewa ɗan mai mabuɗi ya yi sata a ƙasar Larabawa.

Wanda ke juya hotunan wani Bakano ne, injiniyan da ke kula da kyamarorin ginin gaba ɗaya. Mun sha haɗuwa a ɗakin salla na ma'aikata, yana tsokanar Hausata, yana cewa mu 'yan Zango mun ɗauki Hausa mun kai ta Kumasi mun dafa ta da manja. Ban san shi fiye da haka ba. Sai a lokacin ya juyo da kujerarsa.

“Kai ɗan Zango, me ya kai hannunka kan kayan mutane?”

“Yaya, wallahi gyarawa na yi. Na gan su wari-wari, na ce tsofaffin sun rikice paa. Ban ɗauki komai ba kuraa, ko tsinke.”

Ya juya ga talabijin ɗin. Sai ya mayar da hoton baya, ya wuce inda na fito, har zuwa isowar tsofaffin. Muka gan su sun cire allunan. Mama ta miƙa wa mijinta ja ɗaya, ta karɓi baƙi ɗaya, cikin natsuwa, ba ko kallon juna, irin abin da mutane suka shekara arba'in suna yi. Shi ya ɗauki nasa biyun ya tafi da su can nesa.

“Ka ga alamar rikicewa a nan?” in ji shi.

Na ce ban gani ba.

“To, in tambaye ka. Ka taɓa zuwa babban masallacin Juma'a da sabon takalmi?”

“Na taɓa, Yaya.”

“Ya ka yi da shi?”

Nan take na gane. Wari ɗaya a wannan ƙofa, ɗayan a waccan, ko a ƙarƙashin motar wani. Ɓarawo ba ya ɗaukar ƙafa ɗaya, kuma ba shi da lokacin neman ɗayar. Ni da kaina na sha yin haka a babban masallacin Kumasi. A namu ƙaramin masallacin ne ba a yi, don kowa ya san kowa. Ashe tsofaffin nan raba takalmi suka yi, ni kuma na zo na haɗa wa ɓarawo kaya, na goge masa su, na kai masa inda ba mai ganinsa. Garin neman gira na rasa ido. Kunyar da na ji a lokacin ta fi tsoron da nake ciki.

Injiniya ya nemi izinin Balaraben ya ba shi minti biyar. Ya ɗauko hotunan safiyar, da na jiya, da na shekaranjiya, ya sa su suna gudu da sauri. Ga ni nan kamar kaza tana tsince-tsince: in miƙar da sanda, in gyara tabarmar ƙofa, in juya kwandon shara ya fuskanci hanya, in daidaita kujerun da ba aikina ba ne, in dawo in sake gyara tabarmar. Shugabarmu ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta ta kasa, ta ce, “Kullum haka yake, har kofunanmu na shayi jera su yake yi.” Daga nan Injiniya ya yi abin da ba zan manta ba. Babban mutum da shi, mai ofis, ya sunkuya ya cire takalmansa a gaban kowa. Ya ajiye ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a gindin tebur, yana yi wa tsofaffin bayani da Turanci cewa mu ma a ƙasashenmu haka muke yi a masallaci, dabara ɗaya ce da tasu. Sannan ya ɗauko su ya haɗa, ya juya su, ya ce wannan kuma shi ne aikin da aka raini yaron nan da shi tun yana ƙarami, kuma a wurinmu aikin lada ne. Yana tsaye da safa a kan tayil mai sanyi yana kare mutumin da bai san ko sunan ubansa ba.

Mijin bai sauko ba. Ya ce shi ya zaɓo mata allunan nan tana kwance a asibiti, don ta sami abin da za ta tashi dominsa. Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Mama kuwa tambaya ɗaya ta yi mini. Ta ce ta gane dalilin haɗawar, amma me ya sa na kai su bayan ginshiƙi? Na nuna gwiwata, na nuna tata, na ce daga nan ne tafiya ta fi gajarta. Ta kalli hular da ke hannunta. Sai ta tura takardar gaban Balaraben ba tare da ta taɓa biron ba. Ta ce kayanta ne, kuma ba ta ƙarar kowa.

Balaraben ya ɗaga kafaɗa ya ce in babu ƙara babu 'yan sanda, sauran kuma tsakanina da shugabata. Ita ta ba ni takardar gargaɗi, ta ƙara mini wata ɗaya na gwaji, ta ce, “Yalla, maza koma wurinka.” A bakin ƙofa na kama hannun Injiniya da hannu biyu na ƙi saki. Ya ce, “Sakar min hannu, ƙanena, in sa takalmina. Kuma kada ka gyara min su.”

Ba a taɓa ganin jajayen allunan nan ba. Kawuna da na ba shi labari a unguwar Naif, ya zage ni tas, sannan ya saya mini shayi. Tsofaffin suka ci gaba da zuwa, Mama da tsofaffin allunanta koraye duk ƙarce. Tana gaishe ni, mijin yana wucewa kamar bai gan ni ba. Ni kuwa duk lokacin da na ga korayen nan sai in kawar da kai. Aikina ya tsira, amma a wurin kowa ya san ni ne wanda kaya suka ɓata a hannunsa. Na lura wasu 'yan gari suna ƙara duba kwaɗonsu in sun gan ni kusa.

Wata Talata, saura kwana kaɗan ƙarin gwajin ya cika, ta zo ita kaɗai, mijin ya yi tafiya. Gidan shayin cike yake da 'yan gari. Ta cire allunanta, ta tsayar da ɗaya a shinge. Ɗayan ta ɗauko shi, ta tako a hankali saboda gwiwar, ta zo har gabana ta miƙa mini.

“Yau ba ni da abokin rabawa,” in ji ta. “Riƙe mini wannan.”

Na ɓoye hannuwana a baya na ce Mama, doka ta hana. Ta ce ta riga ta tambayi shugabata tun a ƙasa. Na karɓa. Ta shiga ta zauna kusa da taga, ta juya mini baya, ta sha shayinta a tsanake ba ta waiwayo ko sau ɗaya ba. Rabin awa na tsaya rungume da allon nan a gaban kowa, ban jingina shi ba, ban sauke shi ƙasa ba, yatsuna sun daskare ban ji ba. Hawaye na zubo mini, na ce wa abokin aikina sanyi ne.

Haka muka yi har suka bar Dubai, kusan shekara uku. Ko mijin yana nan, wari ɗaya nata a wurina yake zama. Shi sai da aka kusa shekara, wata rana ya zo ya tsaya a gabana, ya ɗora mini baƙin nasa a kan korenta.

Yanzu na dawo Kumasi, mabuɗin masallacin yana hannuna, mahaifina ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Unguwa ta cika da baƙi, ba kowa ya san kowa ba kamar da. Har yau ina jera takalma, hali zanen dutse. Amma in na ga sabon wari shi kaɗai a jikin bango, ba na neman ɗan'uwansa. Sai in shimfiɗa dardumata a sahun ƙarshe, kusa da shi, in yi sallata a nan. In na ɗaga hannu kuma ina ambaton su biyun, Bakanon da ya tsaya mini da safa da tsohuwar mai jar hula, Allah ya saka musu a duk inda suke.